Aljani a gidan haya: inda aikin littafin nan ya kwana

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

To jama'a bismillah. Daga yau zan riƙa ɗan rubuta inda aikin littafin nan ya kwana lokaci zuwa lokaci, don masu tambayata a WhatsApp "malam ina labarin aljaninka" sun yi yawa, kuma ba kowa zan iya bi da amsa ɗaya bayan ɗaya ba.

Ga waɗanda basu san zancen ba, wani ƙaramin gari ne na ƙirƙira na sa masa suna Sai-Gobe, irin garin nan da kasuwa ke ci sau ɗaya a mako, tasha ɗaya, masu shayi biyu kuma basa ga maciji da juna. A bakin garin akwai tsohuwar tsamiya, a cikinta akwai wani aljani da ya shekara ɗari huɗu yana zamansa ba ruwansa da kowa, iyakaci in yaro ya yi fitsari a gindin bishiyar ya ɗan sa masa ciwon wuya na kwana biyu ya sake shi. Kwatsam sai aka zo faɗaɗa titi aka sare tsamiyar. Shikenan bawan Allah ya rasa matsuguni, sauran tsamiyoyi da kukokin yankin duk da masu su, kangon da ya hango kuma wasu samarin aljanu sun riga shi shiga, dole ya tattara ya shigo cikin gari neman ɗakin haya. Mutanen gari suna ce masa Na-Tsamiya.

Babu yaƙi a ciki, babu takobi mai walƙiya, babu 'yar sarkin da za a ceto. Ni dai so nake in ga yadda wanda zai iya zuwa Bagadaza ya dawo kafin ka ƙifta ido zai ƙare da mai gidan haya, da layin bohol, da Hajiya uwar adashi. Babi huɗu sun kammala, na biyar yana hanya. A waya nake bugawa da daddare in na taso daga shagon goro, inda nake riƙe wa kawuna lissafi.

Lahadi, 26 ga Janairu

Wani abokina da muka yi makaranta tare, yanzu yana Kano, ya kira ni yana ta dariya wai ta yaya mutumin da ke zaune a Legas zai rubuta labarin ƙaramin gari, me ka sani game da ƙauye kai da aka yanke wa cibiya a Agege. Nace masa ai ku matsalarku kenan, da an ce Legas sai ku hango Ikoyi da doguwar gadar nan ta kan ruwa da benaye masu gilashi. Ni Legas ɗin da na sani layi uku ne zuwa huɗu, daga ƙofar gidanmu zuwa masallaci zuwa teburin mai shayi zuwa shago, kuma a cikin layukan nan baka isa ka sa sabon takalmi ka wuni ba a tambaye ka nawa ka saya ba. In ka yi baƙo kafin ya sauke jakarsa an san garinsu da ko ɗan gidan waye. In matarka ta yi yaji mai wanki da guga ma sai ya riga surukanka ji. In wannan ba ƙaramin gari bane to sai a faɗa min menene.

Kuma dama haka wurin ya faro. Kakanninmu goro ne ya kawo su, lokacin Agege duk gonakin goro ne da koko, ga layin dogo ya ratsa ta nan har ya isa Kano a 1911, sai ya zama ana ɗaure huhun goro anan a loda a jirgi a yi arewa da shi, shanu kuma su gangaro kudu. A gidanmu har yau ana cewa kakana da ƙwaryar goro ɗaya ya fara, guda ɗari cif, Allah ne masanin gaskiya don tsofaffi akwai ƙara gishiri. Wanda ya zo ya samu wurin zama sai ya aika a turo masa ƙaninsa, ƙanin ya auri 'yar maƙwabci, a haka a haka har aka samu zango da sarkinsa da limamansa da mahautansa da wanzamansa. Yau ga gadar sama ta Pen Cinema tun 2021, ga jiragen ƙasa sababbi suna wucewa, amma tsegumin unguwa yana nan yadda kakanni suka bar mana shi, ko ƙwaya bai ragu ba.

Don haka rabin mutanen Sai-Gobe anan na kwashe su, na dai sauya musu kama da sana'a kar a kai ni gaban sarki. Mai shayin da nake zama wurinsa tuni ya gano, ina zuwa zai ce "malam marubuci yau kuma wa za a saka?" Sharaɗinsa ɗaya ne, wai cikin masu shayi biyun nan na littafi a tabbata nasa ya fi kauri. Na amince, don burodin Agege da yake yanka min da wake ba ƙaramin taimako yake wa adabin Hausa ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Babi na biyar da na shida sun sauka, kuma wallahi tunda na fara aikin nan ban taɓa jin daɗin rubutu irin na makon nan ba, ni kaɗai a ɗaki ina ƙyaƙyata dariya har uwargida ta leƙo ta ce lafiya kuwa, ko aljanin ne ya zo karɓar haƙƙinsa.

Babin neman ɗaki ne. A ƙaramin garin arewa ai ba a san wani ejan ba, wato dillalin gidan haya, mai gida kake samu ku daidaita, to sai na ƙirƙiro wani mutum da ya taɓa zaman Legas shekaru ya koma gida da halin, shine ejan ɗaya tilo a Sai-Gobe, yana yawo da jakar hannu da fam. Duk wanda ya taɓa neman ɗaki a garin nan ya san karatun: kuɗin zuwa duba ɗaki daban, hayar shekara daban, agirimen daban, kwamishon daban, ga wani wai kuɗin ajiya ko za ka fasa musu wani abu, ɗakin da in ka miƙe ƙafa sai ta taɓa ƙofa. Sai ga Na-Tsamiya a gabansa ana cike fam.

"Baba sana'a?"

"Tsorata mutane."

"Na gwamnati ko na kamfani?"

"Zaman kaina nake."

"Iyali fa?"

"Ta yi yaji tun kafin jihadin Shehu, ina jiran ta huce."

Jihadin nan fa 1804 aka fara shi, amma ejan ko gezau, ya rubuta mai aure ya wuce layi na gaba. Anan na gane irin mutumin da yake, shi ba abin da zai bashi mamaki muddin kwamishon zai fito. Daga nan aka zo kan mai tsaya masa, duk waɗanda suka san shi sun mutu tun zamanin da ake ciniki da wuri, sannan aka ce sai ya kawo lambar NIN mai lamba 11. Babi na shida kacokan a ofishin rajista yake, duk sanda ya ɗora yatsa a na'ura sai ta nuno wani mutum daban, na ƙarshe da ta nuno kakan shi ma'aikacin ne da ya rasu, ma'aikaci ya kalli kwamfuta ya kalli Baba ya ce netwok ne, a dawo gobe.

Abin da na lura dashi shine dariyar ba daga aljanin take fitowa ba, shi da gaske yake komai, bawan Allah ɗaki kawai yake nema. Mutanen ne da suka ƙi razana, kowa na ƙoƙarin saka shi a layin da ya saba saka mutane.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Ba wani ci gaba sosai, babi na bakwai rabi. Kuɗin data ya tashi tunda aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan jiya, masu karatu a guruf suna cewa in daina turo hoton shafi in riƙa turo rubutu zalla, na ji na bi.

Sai kuma tambayar da na san za ta zo ta zo: malam ina soyayyar? Wata baiwar Allah har da shawara wai Na-Tsamiya ya faɗa son 'yar mai gida, ya zama attajiri a ɓoye. Hajiya ki yi haƙuri, tun shekarun 1980 kasuwar Kano ke cike da littafin soyayya kuma masu yi sun iya abinsu, ni nawa mutumin yana da mata, yaji kawai ta yi.

Asabar, 15 ga Maris

Azumi ya kama tun 1 ga wata, rubutu ya ja baya, in an idar da tarawihi ido baya ɗaukar hasken waya. Amma abu mai muhimmanci ya faru.

Wani mai karatu ya turo min dogon saƙo, da ladabi dai, cewa in ji tsoron Allah, aljanu gaskiya ne ba abin wasa ba. Ban ɗauki maganar da wasa ba, bayan la'asar na samu limamin masallacinmu na zauna na ce Allah gafarta malam ga abin da nake rubutawa, na karanta masa babin fam ɗin nan. Ya yi murmushi ya ce aljanu kam akwai su, sura guda ce da sunansu ta 72, cikinsu akwai musulmi akwai waɗanda ba musulmi ba, su ma bayi ne da aka ɗora wa hukunci. Ya ce abin da zan kiyaye kar in yi izgili da addini, kar in koya wa mutane neman taimakonsu, kuma kar in nuna sun san gaibu, ya tuna min ƙissar Annabi Sulaiman da ya rasu yana dogare da sandarsa aljanu suna ta aiki basu sani ba sai da gara ta cinye sandar.

Kai, ni da na je neman izini sai na dawo da rabin littafi. Na-Tsamiya musulmi ne, yana azumi, kuma bai san komai na gobe ba. Mutanen Sai-Gobe kuwa sun yi layi a ƙofar ɗakinsa, wannan an sace masa akuya, wannan yana so ya san tambayoyin jarabawa, wata tana so ta ji ko mijinta na shirin ƙaro aure, shi kuma amsarsa ɗaya ce: "Da na san gaibu zan kwanta barci a sare min gida?" Sannan ga babban abin, bokan garin ya shekara ashirin yana karɓar kuɗin mutane da baƙaƙen kaji da sunan wai da aljanin tsamiya yake aiki, alhali basu taɓa haɗuwa ba ko a hanya. Yanzu ga aljanin ya tare a layin bayan gidansa yana tambaya ina kajin da aka ce ana kai masa. Na samu abokin gabar da nake nema, ba sai na nemo wani dodo daga bayan dutse ba.

Matsalar da ban warware ba ita ce ta masallaci, mutumin kofato gare shi, in ya cire takalmi a ƙofa asiri ya tonu wa baƙi. Yanzu dai na sa masa safa.

Asabar, 5 ga Afrilu

Barkanmu da sallah, an sha ruwa lafiya an yi idi ranar Lahadi 30 ga Maris. Da hutun na hau jirgin nan na jan layi daga tashar Agege zuwa Yaba, wanda ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024, kilomita 27 ne gaba ɗayansa daga Agbado zuwa Oyingbo, tafiyar da a danfo, ƙananan motocin hayar Legas, sai ka yi guzurin haƙuri saboda gosulon Oshodi. Gwanjon littattafai na je, masu shimfiɗa su a ƙasa, in ka iya tsugunno da tonawa sai ka samu abin mamaki a kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba.

Irin littattafan da nake nema kenan kullum, na almara mai ban dariya. Wanda ya fi kowa suna a wannan fannin Terry Pratchett ne ɗan Ingila, ya rasu a 2015, littafi 41 ya bari duk a cikin duniya ɗaya da ya ƙirƙira, na farkon ya fito a 1983. Abin da ke burge ni da irin wannan rubutun shine za ka ga matsafa da dodanni amma damuwarsu irin tamu ce, albashi, haraji, maƙwabci mai fitina, kana dariya kana dariya sai ka ji an taɓo maka wani abu na gaske. Akan dawowa a jirgi na buɗe ɗaya ina dariya wata mata ta matsa gefe.

Amma masu ce min wai wannan salon na Turawa ne na kwaso, ku dakata. Tun gasar rubutun da aka yi a Zariya a 1933, wadda ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam a 1934, Bahaushe ke haɗa aljanu da ban dariya a takarda, kafin nan kuma ga Gizo da tsamin bakinsa da Ƙoƙi a bakin kakanninmu mata. Bambancin kawai a da jarumi ne ke barin gida ya tafi ƙasar abin al'ajabi, ni kuma na ɗauko abin al'ajabin na kawo shi gidan haya mai banɗaki ɗaya.

Kuma dariyarsu ba ta ɗaukuwa a kawo nan yadda take, yawanci a wasa da harshensu take. Tamu tana cikin habaici, da zambo, da baƙar magana da ake faɗa fuska a sake, da wasannin da al'ada ta halatta, Bakano da Bazazzagi, Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, taubasai, jika da kaka. Wannan na ƙarshen shi na kama. Tunda Na-Tsamiya ya girmi kowa a garin, sai dagaci ya yanke hukunci cewa kakan kowa ne, ma'ana duk yaron Sai-Gobe yana da izinin tsokanarsa kuma ba shi da damar fushi. Wanda yara ke gudu shekara ɗari huɗu yau shi ake bi ana ce masa tsoho mai ran ƙarfe kawo kuɗin alewa. 'Yan mata ƙanana kuma duk sun ce shi ne mijinsu, suna ƙorafin baya cefane.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Ruwa ya sauka, kwatar layinmu ta cika kamar yadda ta saba, an ɗauke wuta kwana da kwanaki, caji sai a shagon mai janareto. Duk da haka babi na goma sha ɗaya ya kammala.

Makon nan tsinta na yi fiye da rubutu. Shi barkwanci kamar huhun goro ne, dole kullum ka buɗe ka tsince mai sankara, in ka bar ɗaya don kana tausayinsa sai ya ɓata na kusa dashi. Akwai wani dogon wuri da Na-Tsamiya ya rikiɗa ya zama jirgin sama, a wayata yana da ban dariya, da na karanta a teburin shayi ba wanda ya motsa sai wani direban tirela da ya ce to in zai iya haka me ya hana shi ya zama gida ya shiga kansa ya kwanta? Aka fashe da dariya, tambayar tafi wurin da na rubuta daɗi. Na cire jirgin na saka tambayar a bakin wani yaro.

Daga nan na zauna na yanka masa dokoki, don in ikonsa ba shi da iyaka labari ya mutu. Rikiɗa uku kawai ya iya, baƙar mage, guguwa, da tsoho. Zai iya ɗauko komai daga ko'ina a duniya amma tunda mai tsoron haram ne dole ya mayar wa mai shi kafin asuba. Don haka zai iya ajiye maka tuffa daga Sham ka kalla ka ji ƙanshi, amma ba a ci. Talaka ne futuk. Babin da na fi so yanzu shine wanda ya wuni yana zaga gari da dubu ɗaya yana neman canji, mai shayi ba canji, mai kanti ba canji, mai POS ya ce sai dai a cire ɗari, ya je har Istanbul ya dawo ba canji, ƙarshe dai ya sayi ashana da maggi da baya buƙata kamar yadda ni da ku muke yi.

Lahadi, 18 ga Mayu

Babin adashi uwargida ce ta karɓe shi, ta ce wannan ba hurumin maza bane ka kawo wayar. Ita ta tsara min yadda ake yi, ranar zubi, yadda uwar adashi ke ɗaukar kwasar farko, yadda ake roƙon a musanya kwasa in biki ko suna ya taso wa wata, da irin kallon da ake wa wadda ta kwasa da wuri sannan ta fara ciwon kai duk ranar zubi. Kowa so yake ya kwasa da wuri, to shi Na-Tsamiya da ya shiga sai ya ce a bashi ta ƙarshe, shi ba sauri yake ba. Nan fa hankalin Hajiya uwar adashi ya tashi, tunda take bata taɓa ganin mai neman kwasar ƙarshe da bakinsa ba, lallai akwai wata a ƙasa. Ta sa aka bi shi kwana uku. Da ya ga an matsa sai ya kawo shawarar a buɗe wani adashin mai zagayen shekara ɗari, matan suka ce Baba tashi ka bamu wuri.

Yanzu da yamma in an gama girki uwargida na karanta wa matan gidanmu sabon babi a tsakar gida, ni ina ɗaki ina kasa kunne, inda suka yi dariya in sa alama, inda naji an koma hirar farashin tumatir a kasuwar Mile 12 in san wurin yayi tsawo. Har da Iya mai wake maƙwabciyarmu, Bayarbiya ce, tana jin Hausa sama-sama sauran a fassara mata. Ta ce su ma ai suna da nasu a bishiyar iroko yake zama, kuma da zai zo Sai-Gobe da ya koya wa wannan tsohon yadda ake magana da ejan. Tun daren nake juya abin, baƙo daga kudu ya biyo motar goro ya sauka wurin Na-Tsamiya kwana biyu, ga shi Na-Tsamiya asalinsa Bagobiri ne, kun ga wasa ya samu.

Lahadi, 8 ga Yuni

An yi babbar sallah ranar Juma'a 6 ga wata. Mako biyu kafin nan duk gefen titi daga nan har abbatuwar Oko-Oba raguna ne da masu dawa da dusa, 'yan uwa daga arewa sun cika unguwa, kowane ɗaki da baƙo, hira har ɗayan dare. Ban rubuta ko layi ba amma kunnena ya ƙoshi, musamman wurin cinikin rago, yadda dillali zai rantse ya ce albarka ya juya baya alhali ƙafarsa bata matsa ba.

Jiya da yau kuwa na zauna babi biyu suka zubo. Kowa ya san ƙashi abincin aljanu ne, to ashe babbar sallah ita ce kakarsa, mako guda yana cin na Allah ya isa. Yara suka gano, suka fara tara ƙashi suna sayar masa, farashin ƙashi ya tashi a Sai-Gobe har Sarkin Dawa ya kai ƙara gaban dagaci wai karnukan farautarsa sun rame. Shi ma Na-Tsamiya ya so yayi layya, ya tara kuɗi ya je kasuwa, amma dabba tana ganin abin da mutum baya gani, duk ragon da ya nufa sai ya tsinke igiya, dillalai suka haɗa masa kuɗi da kansu suka roƙe shi ya koma gida. Boka kuma yana gefe yana ta yaɗa cewa wannan ba aljanin gaske bane, na jabu ne, na gasken yana wurinsa a cikin tulu.

Asabar, 28 ga Yuni

Babi goma sha bakwai a hannu, ina hasashen biyar suka rage. Saura babin baƙon kudu, da na cika-ciki tunda ga Muharram ya kama, inda duk garin za su zo karɓar kuɗin shara wurinsa a matsayin jikoki shi kuma ko sisi babu, sai karon ƙarshe da boka a gaban dagaci, ranar da za a buɗe tulun nan.

Ƙarshen labarin ne ake ta ja-in-ja a kai. Masu karatu da yawa so suke yara su dasa masa sabuwar tsamiya ya koma, wasu har da cewa a sa ya yi kuka. Ni ban son littafin da aka yi ta dariya a ƙarshe a matsa wa mutum sai ya share hawaye. Abin da ke raina shine ranar da ya biya hayar shekara ta biyu ya samu natsuwa, sai ga guguwa ta tsaya a ƙofar gida, matarsa ce ta huce, ta dawo da kayanta na shekara ɗari biyu da ashirin da ƙannenta guda uku, ɗaki kuma ɗaya ne, kuma a agirimen an rubuta mutum biyu kacal. Uwargida ta ce wannan ba ƙarshe bane, neman littafi na biyu ne. Mai shayi ya goyi bayana, da sharaɗin matar ta riƙa sayen shayi a wurinsa.

Ranar Laraba na leƙa Shomolu wurin masu buga littattafai in ji farashi. Takarda ta yi tsada ba kaɗan ba, don haka zan fara sakinsa a waya tukuna, in Allah ya hore a buga kaɗan na hannu. Na roƙi wanda na samu ya gwada min shafi ɗaya a gabana saboda ƙ da ɗ da ɓ, don akwai rubutun kwamfutar da in bai san su ba sai ya mayar maka da su akwati-akwati, aka gwada biyu na uku ya fito daidai, na rubuta sunansa a takarda na riƙe.

Abin da ya rage min yanzu bangon littafin ne. Bana son hoton dodo mai jan ido da ƙaho, tsoho nake so siriri da 'yar jakar leda a hannu yana tsaye a layin bohol da bokiti, yara na jan rigarsa. Duk wanda ya san mai zane a Agege ko Idi-Araba ko Obalende da zai iya zana kofato cikin silifas ba tare da ya zama saniya ba, don Allah ya yi min magana kafin ƙarshen wata mai kamawa.